Daga gyaran harafi ɗaya zuwa canja shafi guda: tarihin ɗinkin DNA 🧵

1/ Jama'a, jiya a aji malaminmu ya ambaci wani abu da ya hana ni barci, sai na ce bari in kawo muku. DNA ɗinmu kamar littafi ne mai harufa wajen biliyan 3. Sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuskuren harafi ɗaya tak ce a ciki: inda ya kamata a ga A, sai aka ga T.

2/ Yanka DNA ya daɗe da zama abu mai sauƙi. Abin da ya ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne a cire babban yanki a sa wani a daidai wurinsa. Kamar tela ne: kowa ya iya farka riga, amma ɗinkin da ba a ganin faci sai gwani.

3/ A 1980 Mario Capecchi ya nemi kuɗin bincike daga hukumar NIH ta Amurka don ya gwada wannan. Masu tantancewa suka ce ba abin ɓata lokaci a kai ba ne. Ya yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba. Mutumin nan fa yana yaro a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a titi yake kwana, sai da ya kai shekara 9 mahaifiyarsa ta gano shi a asibiti.

4/ A 1985 Oliver Smithies ya yi nasarar cusa DNA a wurin da ya nufa cikin tantanin ɗan Adam. Kun san wane wuri? Ƙwayar gadon beta-globin, wato ainihin wadda sikila ke taɓawa. Shi da Capecchi da Martin Evans suka raba kyautar Nobel a 2007. Matsalar ita ce, cikin dubban tantani da ƙyar ɗaya ke karɓar gyaran.

5/ A 1994 Maria Jasin ta nuna cewa in ka fara yanka DNA a wurin, tantani ya fi saurin karɓar sabon yankin wajen gyara kansa. Ni dai ina ganin an rage mata haƙƙi a labarin nan, don a kan wannan binciken aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

6/ Sai CRISPR a 2012, aikin Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier. Almakashi ne mai kaifi, amma almakashi ne kawai. Tantani yakan liƙe yankan yadda ya ga dama, wani lokacin har ya zubar da harufa.

7/ A 2019 ɗakin binciken David Liu ya fito da dabarar rubuta sabbin harufa ba tare da an datse igiya biyun DNA ba, sai dai 'yan gomomi kawai take ɗauka. A 2022 masana a MIT suka haɗa ta da wani sinadarin ƙwayar cutar da ke kama bakteriya, suka kira shi PASTE: a fara rubuta ɗan wurin sauka, sannan a sauke kaya har harufa 36,000.

8/ Me ya sa ake son babba? Wasu cututtukan gado kurakurai ɗaruruwa ne a ƙwayar gado guda, kowane iyali da nasa. Maimakon magani ɗari, a canja shafin gaba ɗaya. Amma har yanzu yawancin wannan a kwanon gwaji da jikin ɓeraye yake.

9/ Wanda ya kai ga marasa lafiya shi ne Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Shi ma bai gyara harafin sikila ba, makunnin jinin jarirai ya sake kunnawa. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, kuma sai an fara kashe ɓargon mutum da magani mai ƙarfi.

10/ Ƙanwar abokina SS ce, wata biyu ba ta cika ba a kwantar da ita ba. Da na faɗa masa kuɗin, ya ciro waya ya fara lissafa shi a naira, bai ma ƙarasa ba ya mayar da ita aljihu.