Tattasai, Waya da Sadaki: Sauyin Neman Aure a Yankin Diffa

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda neman aure ya sauya a garin Diffa, kwarin Komadugu da karkarar N'Guelbély tun daga 2015. Hujjarta ita ce saurayi da budurwa sun sami bakin magana wajen zaɓen juna, amma abin da ake ɗaura auren da shi ya kuɓuce wa matasa.

Tsohon tsari

A N'Guelbély, da ke gundumar Maine-Soroa, Fulani makiyaya ne suka fi yawa, kuma auren zumunci ya daɗe da kafuwa a tsakaninsu: iyaye ke ba da yarinya ga ɗan uwa, dukiyar aure kuwa shanu ce. Woɗaaɓe suna bambanta kooggal, auren da iyaye suka ƙulla, da teegal, wanda mace da namiji suka zaɓa da kansu. Ke nan auren soyayya ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, ko da yake ana yawan ɗora wa wayar salula alhakin kawo shi.

A bakin Komadugu, wajen Barebari manoma, tattasai ne ke aurar da saurayi. Ya yi ban ruwa, ya tsinke, ya shanya har ya bushe, ya ɗura a buhu, 'yan kasuwa su tsallaka da shi Nijeriya. Daga kuɗin nan ake fitar da toshi, kayan akwati da sadaki.

Abin da 2015 ta sauya

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Dokar ta-ɓaci da ta biyo baya ta hana hawa babur, ta tsayar da cinikin tattasai da kifi, ta taƙaita sayen taki da man injin ban ruwa. Duk waɗannan sana'o'in samari ne. Ɗan kabu-kabu ya jingine babur, manomi ya bar gona, dubban iyalan da suka yi gudun hijira suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta RN1. An sassauta wasu dokokin daga baya, amma jarin da ya karye bai dawo da sauƙi ba.

A irin wannan zama zancen dare a ƙofar gida ya yi wuya, sai hira ta koma waya. Saƙon murya na WhatsApp kan kai inda a da sai an aiki ƙanwa ko ƙawa, kuma bai buƙatar iya karatu. Cakuɗuwar 'yan gudun hijira da 'yan gari ta haɗa matasan da iyayensu ba su san asalin juna ba, binciken asali kuwa shi ne ginshiƙin tsohon tsari.

Nauyin bai faɗa wa kowa daidai ba. Saurayi yana jinkiri don ba shi da abin hannu. Rahoton International Crisis Group na 2017 ya ambaci kuɗi, babur da alkawarin mata cikin abubuwan da Boko Haram ta yaudari matasa da su. Yarinya kuwa ana gaggauta aurar da ita don tsoron sacewa da rage bakin ci. Tun kafin rikicin, ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. Wannan ya kamata ya dami kowa, domin wadda ta zaɓi saurayinta a waya takan ƙare a ɗakin mai hali da ya girme ta.

Kammalawa

Wa'azi a kan tsadar aure da lalacewar tarbiyya ba zai wadatar ba muddin gonakin Komadugu ba su koma ciyar da masu su ba. Ya wajaba hukumomi, sarakuna da malamai su ɗauki sana'ar samari da karatun 'yan mata a matsayin maganar aure.