Faɗuwar darajar Naira da tsadar taraktocin gwanjo a yammacin Zamfara

Tarakta ta gwanjo, wadda wasu ke kira ta hannu ko tokumbo, ita ce motar noman da ta riga ta yi aiki a gonakin wata ƙasa kafin a shigo da ita Najeriya. A kan irinta manyan manoma da masu bayar da haya da dama suke dogara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, inda ake noma gero da dawa da masara da wake a tudu, shinkafa kuma a fadamun Gulbin Zamfara. Dalilin a fili yake: sabuwa ta fi ƙarfin yawancin mutane, tsofaffin samfuran Massey Ferguson da Fiat da Ford kuwa ba su da sarƙaƙiyar na'ura, kuma kanikawan karkara sun san cikinsu.

Sai dai ko da ta shekara talatin tana huɗa, da kuɗin waje ake sayo ta. Dillali zai biya da Fam idan a Ingila ya same ta, misali a babban gwanjon injinan noma da kamfanin Cheffins ke yi duk wata kusa da Cambridge. Zai biya da Yuro a ƙasashen Turai da dama. Kuɗin jirgin ruwa kuma da Dala ake lissafa shi. Manomin da zai saya a ƙarshe Naira ce a hannunsa. Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu farashin yake tashi.

A 2015 ana canzar da Dala ɗaya a kan kusan Naira 197 a farashin gwamnati. Bayan sassaucin watan Yunin 2016 ta haura 300. Ta kai wajen 460 a farkon watan Yunin 2023, sannan a ranar 14 ga watan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, inda cikin 'yan kwanaki Dala ta doshi 750. A farkon 2024 ta wuce 1,400 a hukumance, a hannun 'yan canji kuma ta taɓa kaiwa kusan 1,900 a watan Fabrairu kafin ta ɗan lafa.

A ɗauki misalin taraktar da kuɗinta da na dakonta suka kama Dala 10,000. A canjin 460, Naira miliyan 4.6 ke nan. A canjin 1,500 ta zama miliyan 15. Motar ba ta ƙaru da ko da ƙusa ɗaya ba, mai sayarwa a Turai bai ƙara sisi ba, amma kuɗinta a gida ya ninka fiye da sau uku.

Yadda kuɗin ke ƙaruwa a hanya

Canji ba sau ɗaya yake cizon mai shigo da kaya ba. Hukumar Kwastam tana ƙiyasta darajar kaya da kuɗin waje, sannan ta mayar da ita Naira bisa canjin da Babban Banki ya ba ta, wanda aka riƙa sauyawa akai-akai a farkon 2024. Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage harajin shigo da tarakta daga kashi 35 zuwa kashi 5 cikin ɗari, kuma hakan sauƙi ne na gaske. Amma kashi 5 na miliyan 15 ba ɗaya yake da kashi 5 na miliyan 4.6 ba. Daga tashar Apapa ko Tin Can a Legas sai tirela ta ɗauko ta zuwa Arewa, da man dizal da tayoyin da su ma farashinsu ke bin Dala. Wanda ya bi ta Kwatano bai tsira ba, domin Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, saboda haka duk lokacin da Naira ta faɗi a gaban Yuro ta faɗi a gaban Sefa.

Akwai kuma abin da masu saye suka fi jin haushinsa: taraktar da ke ajiye a filin dillali tun kafin tashin Dala ita ma takan yi tsada. Ana yawan kiran wannan zalunci, amma duk ɗan kasuwa ya san lissafin. Idan ya sayar a tsohon farashi, kuɗin da ya karɓa ba za su sayo masa wata a madadinta ba, jarinsa ya karye ke nan yana ganin kamar riba ya ci. Inda za a iya ganin laifinsa shi ne lokacin da Naira ta farfaɗo, domin farashi na hawa da gudu ne ya sauko da rarrafe. Dillali zai ce da tsada ya sayo, kuma bai amince sauƙin zai ɗore ba. Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuwa fakewa ce da guzuma. Hatta taraktar da ta daɗe a ƙauye tana tashi, don mai ita ya san abin da zai kashe kafin ya sami kamarta.

Bashin banki bai zama mafita ba. A watan Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari don daƙile hauhawar farashi, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Injin da ba ya samun cikakken aiki sai a 'yan makonnin farkon damina da ɗan lokacin noman rani da wuya ya biya irin wannan ruwa, ban da manoman da ke guje wa bashin ruwa saboda addini.

Abin da ya keɓanta da yankin

A Anka da Bukkuyum da sassan Gummi, matsalar tsaro ta haɗu da ta canji. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya hallaka mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, sun sa an bar gonakin nesa da gari, satar shanu kuma ta raba manoma da yawa da shanun huɗarsu. Wato buƙatar tarakta ta ƙaru a daidai lokacin da fita da ita daji ya zama kasada. Mai tarakta da ya rasa rabin gonakin da yake yi wa aiki dole ya fitar da kuɗin motarsa daga sauran rabin, sai kuɗin haya a kowace kadada ya tashi. Ƙaramin manomi, wanda bai taɓa riƙe Dala ba, shi ne ke biya a ƙarshe, ko ya rage gona, ko ya koma ga fartanya.

Kayan gyara su ma daga waje suke zuwa: famfon mai, faifan kuloci, matatar mai, manyan tayoyin baya. Tsohuwar mota ta fi sabuwa cin waɗannan, shi ya sa ake ganin an kwance wata don a tayar da wata. Taraktar da ta tsaya mako biyu a watan Yuni tana jiran kaya daga Gusau ko Kano ta yi asarar mafi tsadar kwanakin shekara.

Ga manomi, ainihin ma'auni shi ne buhu nawa zai sayar ya mallaki tarakta. A 2024 hatsi ya yi tsada, abin da ya ɗan rage tazarar. Bayan da gwamnatin tarayya ta dakatar da harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na kwana 150 a tsakiyar shekarar, farashin masara da shinkafa ya sauka a 2025, na injina kuwa bai sauka daidai da shi ba.

Najeriya ta taɓa harhaɗa taraktoci a gida, a kamfanin Steyr da ke Bauchi da kuma NTM a Kano mai haɗa na Fiat. Amma sassan daga waje ake kawo su, don haka karya darajar Naira da aka soma a watan Satumban 1986 ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya taimaka wajen durƙusar da su, kasuwa ta karkata ga kayan gwanjo. Taraktoci 2,000 da Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a watan Yunin 2025 su ma daga Belarus aka kawo su, kuma daga waje za a ci gaba da nemo kayan gyaransu.