Shekara Bakwai ko Faifai Bakwai? Tarihin Wa'adin Kwantiragin Mawaƙa

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai dokar da ta hana a ɗaure mutum da kwantiragin aiki fiye da shekara bakwai. Wadda ta fito da ƙarfin wannan doka ba mawaƙiya ba ce, 'yar fim ce, Olivia de Havilland. Kamfanin Warner Bros. yakan dakatar da ita idan ta ƙi fitowa a wani fim, sannan ya ɗora watannin dakatarwar a kan wa'adinta. Ta kai ƙara, a 1944 kotu ta yanke cewa shekara bakwai tana nufin shekarun kalanda, ba kwanakin da aka yi aiki ba.

Su kuwa kamfanonin faifai, ba da shekara suke lissafi ba, da faifai suke yi. Sabon mawaƙi yakan sa hannu a kan faifai ɗaya, tare da sharaɗin cewa kamfani na iya neman na biyu, da na uku, har na shida ko na bakwai. Zaɓin na kamfani ne shi kaɗai: in faifai ya yi kasuwa ya riƙe mawaƙi, in bai yi ba ya sallame shi. To, idan ana shekara biyu tsakanin faifai da faifai, saboda naɗi da talla da yawon wasa, faifai bakwai ya zama shekara goma sha huɗu ke nan.

Wannan lissafi ya ci karo da dokar Kalifoniya, don haka a 1987 kamfanonin suka samu aka yi mata gyara. Mawaƙi na iya tafiya bayan shekara bakwai, amma kamfani na da ikon neman diyyar faifan da bai kawo ba. A zahiri an buɗe ƙofa, an kuma ɗaure kare a bakinta.

Manyan mawaƙa ma ba su tsira ba. A Ingila, George Michael ya nemi kotu ta raba shi da Sony, ya sha kaye a 1994. Prince kuwa, da rikicinsa da Warner ya yi tsanani, ya sauya suna a 1993, ya riƙa fitowa da kalmar "bawa" a rubuce a kumatunsa. Ya rabu da kamfanin a 1996, amma ainihin naɗin waƙoƙinsa bai dawo hannunsa ba sai 2014, shekara biyu kafin rasuwarsa.