Ganuwar ƙasa da katafila: abin da ke kare tarihin Tambuwal da Kebbe

1/ Jama'a, duk lokacin da aka ce za a yi titi ko dam a yankinmu, murna muke yi, kuma ya dace. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: me ke ƙarƙashin ƙasar da katafila za ta ture? Ku biyo ni.

2/ Tambuwal ba jiya ta fara ba. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, ba na Daura ba fa, shi ya zauna nan tana ribaɗi, wato garin tsaron iyaka a zamanin Daular Sakkwato. In ka nufi Sakkwato ta wannan titi, za ka ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take, garin da Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815.

3/ Matsalar ita ce tarihinmu da ƙasa aka gina shi. Guntun ganuwa, kufai, tsohuwar maƙabarta, tudu mai tsingaro, wurin da maƙera suka narka tama. Daga Jabo har Kebbe da Kuchi, tambayi dattawa su nuna maka. Ga direban katafila kuwa, tudu tudu ne.

4/ Surame, birnin Kanta da ke nan jihar Sakkwato, ta samu gata: ta zama wurin tarihi na ƙasa a 1964, ta shiga jerin jiran UNESCO a 2007. Kufan da ke bayan gonar kakanka ba ya cikin wani jeri. To wa zai kare shi?

5/ Nan ne bitar ayyuka take shigowa. Dokar EIA mai lamba 86 ta 1992 ta ce kafin a fara babban aiki, sai an binciki tasirinsa ga muhalli da jama'a, an rubuta rahoto. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke dubawa. Wuraren tarihi da kaburbura na cikin abin da ake tambaya.

6/ Ga inda ya shafe mu kai tsaye: ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi, galibi har da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa. A wannan lokacin titi layi ne kawai a takarda. Karkatar da shi aikin biro ne. In an zuba kwalta kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

7/ In Bankin Duniya ne ya ba da kuɗi, akwai ƙarin sharaɗi: ɗan kwangila ya ci karo da tukwane ko ƙasusuwa, ya dakatar da aiki a wurin, ya sanar da hukuma. A Najeriya hukumar ita ce NCMM, mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa da dokar 1979.

8/ Kada a ce labari ne. Kafin ruwan dam ɗin Kainji ya cika a 1968, masu binciken kufai sun yi tono a yankin har wajen Yelwa, suka ceto abin da za su iya. Tsohuwar Bussa ta nutse, amma ba duka ilimin ya bi ruwa ba. A Masar ma, ɗage gine-ginen Abu Simbel aka yi dungurungum tsakanin 1964 da 1968 saboda dam ɗin Aswan.

9/ Ga ɗaya gefen: a 2010 an rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi. An sake ginawa, amma sabon gini ba ya maye ƙasar da kakanni suka kwaɓa.

10/ Ni a ganina ba kan titin kaɗai haɗarin yake ba. Ramukan da ake ɗibar jar ƙasa don cikon titi su ne abin tsoro, domin tudun da ke kusa ake fara nufa. Duk mai karanta rahoto ya nemi inda aka ce za a ɗebi ƙasa.

11/ Gaskiya dai, doka ba ta aiki da kanta. Ƙwararren da aka turo daga Abuja ko Legas bai san inda aka binne malamin garinku ba. In ba a faɗa masa ba, rahoto zai ce babu komai, a sa hannu.

12/ Don haka ga aikinmu, mu matasa: zauna da dattawa da masu unguwanni, rubuta sunan kowane kufai, ɗauki hoto, adana wurin a taswirar waya, kai kwafi fadar hakimi. Ranar da aka kira taron jin ra'ayi, je da takardarka, kada ka tsaya kan maganar diyya kawai.

13/ Muna son titi, muna son ganuwa, kuma ana iya samun duka biyun in an yi magana da wuri. Wane tsohon wuri ne a garinku ba ya cikin kowane littafi? Ku rubuto sunansa a ƙasa, mu fara jerin tun yau.