Malamin Asibiti: Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa ya san mutumin da ke yi masa allura, ya wanke masa gyambo, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya ce masa, "Wannan ya fi ƙarfina, sai birni." Galibi wannan mutum ba likita ba ne, malamin asibiti ne. Mahaifina ya yi wannan aiki a zamanin En'e, ni ma shi na yi har na ajiye. Shi ya sa idan na ji ana ba da tarihin kiwon lafiya a Arewa, ana jero manyan asibitoci da manyan likitoci, nakan ga an tsallake wanda talaka ya fi sani.

Ba raina manya nake yi ba. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Birmingham ya zama likitan farko daga Arewa, ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Sai dai a zamaninsa likitocin lardi guda ba su cika yatsun hannu ba. Likitocin da Turawan mulki suka fara kawowa, don sojoji da ma'aikatan gwamnati aka kawo su. 'Yan mishan sun yi nasu: Dakta Miller ya zauna a Zariya tun 1905, tasharsu ta koma Wusasa a 1929, wasu sun sauka Garkida a 1923, asibitin ido na Kano ya buɗe a 1943, na Galmi a ƙasar Nijar kuma a 1950. Amma a yawancin masarautu ba a sakar wa mishan mara ba, in ban da wuraren kula da kutare. Don haka manomin ƙasar Kano ko Katsina ko Sakkwato, ta ɗakin shan magani na En'e ya fara sanin maganin Bature, kuma a wajajen 1930 ne waɗannan ɗakuna suka fara yaɗuwa a garuruwan hakimai.

Wanda mahaifina ya riƙe ɗaki biyu ne da baranda. Tun da sassafe ake kunna risho a ɗora tukunyar ƙarfe, a tafasa sirinjin gilashi da allurai. Allura ba a yarwa a lokacin. In bakinta ya dakushe, sai ya zauna ya wasa ta a kan ɗan dutse, ya gwada a jikin auduga ya ga ko tana kamawa. A kan kanta akwai manyan kwalabe, na tari, na ciwon ciki, na zazzaɓi, sai aidin da bandeji. Mara lafiya shi ke zuwa da kwalbarsa daga gida. Tunda akasari ba a karanta boko, sai mahaifina ya yanki siririyar takarda, ya yi mata tsaga-tsaga da almakashi, ya manna a jikin kwalbar. "Daga wannan tsaga zuwa wannan da safe, daga nan zuwa nan da dare. Kada ka shanye a tashi ɗaya, Malam, ba fura ba ce." Wasu duk da haka sai sun shanye.

Abin da ban gane ba sai da na shiga aikin shi ne, ɗakin nan ba shi kaɗai yake tsaye ba. Albashi daga Baitulmali yake fitowa. Magani daga sito na En'e yake zuwa cikin akwatin katako, kuma ba a ba ka sabo sai ka kai lissafin tsohon. Ƙarshen wata mahaifina zai baje rajista a gaban fitilar ƙwai, ya ƙirga masu gyambo, masu tunjere, masu ciwon ido, ya aika. Likita Bature yakan fito rangadi, ya duba rajista, ya duba kwalabe, har tukunyar allura sai ya buɗe. Idan aka kawo wanda ya fi ƙarfin ɗakin, za a rubuta takarda zuwa asibitin birni, hakimi ya sa a nemi abin ɗauka, amalanke ko motar 'yan kasuwa. Mai biyan ka, mai ba ka kayan aiki, mai tsawata maka, duk gida ɗaya suke.

A gefensa akwai abokan aiki. Duba-gari, wanda Makarantar Tsafta ta Kano ta fara horarwa tun 1932, shi ne mai shiga gida ya leƙa randa ya nemi tsutsar sauro, ya duba masai da kwata, in ya ga ƙazanta sai gaban alƙali. Ba a son sa, matan gida kan kifar da ruwa da jin sallamarsa, amma ana tsoron sa. Akwai 'yan lamba masu yaƙi da agana, waɗanda aikinsu bai kammala ba sai 1970 da aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Akwai ma'aikatan ciwon barci masu jera mutanen gari su bi suna tattaɓa wuya, kuma saboda wannan ciwo ne aka tayar da mutanen yankin Anchau aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Dukkansu ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa suke shiga gari.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan aljanna ce. Akwai tilas da bulala a cikinsa. Ɗakunan ba su da yawa, mutum kan yi tafiyar wuni kafin ya isa ɗaya. Matan kulle ba su cika zuwa ba, haihuwa kuwa tana hannun ungozoma, kaciya da ƙaho da cire beli suna hannun wanzami, kuma babu wanda ya damu ya zauna da su. Abin da nake yabawa a tsarin ɗaya ne kawai: kowa ya san wanda ke samansa da inda zai tura abin da ya gagare shi.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗin mai. A 1975 gwamnati ta fito da shirin kai kiwon lafiya karkara, a 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, jihohi suka buɗe makarantun koyon aikin lafiya. Nan muka shigo. An yi gine-gine, an sayo na'urori, wasu har suka yi tsatsa ba a fasa akwatinsu ba. A can Garkida kuwa, tun 1974 ana wani abu mara tsada: ƙauye ya zaɓi mutuminsa, a koya masa rigakafi da tsaftar ruwa ta hanyar labarai, ya koma ya ba mutanensa a dandali. Da taron Alma-Ata na 1978 ya ce a mai da hankali ga kiwon lafiya a matakin farko, su sun riga sun yi nisa.

Wanda ya ba aikinmu fasali shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa. Muƙamanmu da suka yi yawa aka tattara su suka zama hawa uku: ƙaramin ma'aikaci, sai wanda ake kira CHEW, sai babban jami'in lafiyar al'umma. Kowa yana da littafin ƙa'ida a kan tebur, wanda ke gaya maka abin da za ka tambaya, abin da za ka bayar, da inda za ka tsaya ka tura gaba. Mun bi gida-gida muna rubuta lamba a jikin ƙofa, muna koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari, muna ɗaukar akwatin sanyi a bayan keke. An ce mana mafi yawan lokacinmu a cikin gari ya kamata ya ƙare, ba a kan kujera ba. Aka kira ungozomomi aka ba su horo da ɗan akwati mai sabulu da sabuwar reza. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta kawo asusun magani mai juyawa, a sayar da rahusa a sake sayowa. Inda kwamitin gari ya riƙe amana, ya yi aiki. Inda aka ranci kuɗin da sunan za a mayar, kanta ta bushe.

Daga nan iyayen gida suka yi mana yawa. Ƙaramar hukuma ke biyan albashi, wata hukuma a jiha ke yin canjin wurin aiki da ƙarin girma, ma'aikatar lafiya ke sa ido, allurar rigakafi daga tarayya take zuwa, ƙungiyoyin agaji kuma kowace da rajistarta da ranar taronta. Na yi aiki a wurin da rajistar zazzaɓi daban, ta awo daban, ta rigakafi daban, ta tamowa daban, alhali yaron da uwarsa su ne dai a cikin dukkansu. Ka rubuta takardar tura mai naƙuda babban asibiti, a can ko kallon takardar ba za a yi ba, domin mu na ƙaramar hukuma ne, su na jiha. Ba ka sake jin labarinta sai in ka ga ana zaman makoki ko ana shirin suna.

Yaƙi da shan inna ya tona wannan rauni. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano, aka dawo da shi a 2004, amma zargi ya riga ya shiga zukata. Ma'aikatan ƙasa, musamman mata, su suka sha zagi da kora a ƙofar gidaje, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A watan Fabrairun 2013 aka harbe wasu daga cikinsu a Kano, Allah ya ji ƙansu. Abin da ya juya lamarin har da kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009, wato an koma ga hakimi da dagaci da mai unguwa, hanyar da mahaifina ya bi. An ga na ƙarshe da ya kamu da nau'in shan inna na daji a Borno a 2016, aka wanke nahiyar Afirka daga wannan nau'in a watan Agustan 2020.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Jigawa ta kafa tsarin Gunduma a 2007, ta raba jihar gida tara, ta sa babban asibiti da ƙananan da ke kewaye da shi ƙarƙashin hukuma guda. A 2011 aka amince a ƙasa baki ɗaya cewa kowace jiha ta tattara kiwon lafiya na matakin farko a inuwa ɗaya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don wannan mataki, kuma a shekarar aka yarda a horar da ma'aikatanmu su karɓi haihuwa inda babu ƙwararriyar ungozoma. A takarda, an dawo kan hanya.

A ƙasa kuwa, makarantu na gwamnati da masu zaman kansu suna ta yaye yara, da yawansu suna aikin sa-kai shekara da shekaru babu albashi, wasu sun haƙura sun buɗe kemis. Ina roƙon gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su ɗauki yaran nan aiki, su tura kowa kusa da garinsu, musamman mata, su ba mai duba su babur da kuɗin mai, kuma su umarci manyan asibitoci su riƙa mayar da amsar takardar da aka turo musu daga ƙauye.