Surame

Surame tsohon birni ne da ya zama kufai a yankin Binji, jihar Sakkwato, Najeriya. Muhammadu Kanta ne ya kafa shi a ƙarni na 16 a matsayin babban birnin daular Kabi (ba Kebbe ta kudancin Sakkwato ba, duk da kamannin sunayen). An ƙaurace masa a farkon ƙarni na 18, lokacin da sarauta ta koma Birnin Kebbi. Abin da ya fi fice a wurin shi ne ganuwarsa ta duwatsu, alhali yawancin biranen Hausa da ƙasa aka kewaye su. Gwamnati ta ayyana shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma ya shiga jerin wucin gadi na UNESCO a 2007.

Ziyara

Masu tasowa daga Tambuwal ko Kebbe sukan bi hanyar Shagari da Boɗinga zuwa Sakkwato, sannan su nufi Binji. Lokacin rani ya fi dacewa, domin da damina ciyawa kan rufe duwatsun. Saboda matsalar 'yan bindiga a yankin, ya kamata a fara tuntuɓar hukumomi da sarakunan wurin.