Azhar, Darul Ulum ko Sashen Ingilishi: Inda Marubutan Alƙahira Suka Ɗebo Ruwa

Shekaru ɗaruruwa, mai sha'awar adabi a Alƙahira bai san wahalar zaɓen makaranta ba, domin ƙofa ɗaya ce babba: Azhar, wadda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970. Can ake koyon nahawu da balaga da ma'aunin waƙa, can kuma ɗalibai daga Borno suka daɗe da ruwaƙinsu, wato masaukinsu na kansu. Zaɓi ya shigo ne a ƙarni na 19. Rifa'a Ɗahɗawi, Ba'azhare da ya raka ɗalibai Faris a matsayin limaminsu, ya buɗe makarantar harsuna ta Alsun a 1835. Ali Mubarak ya kafa Darul Ulum a 1872 don horar da malaman Larabci a sabon tsari, sannan Jami'ar Masar, wadda ake kira Jami'ar Alƙahira yau, ta buɗe a 1908. Abin da tarihin waɗannan makarantu ya nuna, a ganina, shi ne marubucin da ya fi cin riba shi ne wanda ya nemi wurin da zai ba shi abin da bai zo da shi daga gida ba, ya kuma riƙe harshensa gam.

Ɗaha Husaini ne shaida ta farko. Makaho ne tun ƙuruciya, ya yi shekaru a Azhar har ya gaji da haddar sharhi kan sharhi, ya koma sabuwar jami'a, inda ya sami digirin digirgir a 1914 da nazari kan Abul Ala'il Ma'arri, daga nan ya wuce Faransa. Amma Larabcin da ya girgiza Masar da shi na Azhar ne. Hanyar tuhumar nassi ce kawai ya samo a waje. Sashen Ingilishi na Jami'ar Alƙahira ya maimaita wannan labari ta fuskar da ba a zata ba. A farko Turawa ne suka riƙe shi (har mawaƙin Ingila Robert Graves ya koyar a can a 1926, bai kuma daɗe ba), sai ga shi yana yaye marubutan Larabci. Latifa Zayyat ta kammala a sashen a 1946, ta fitar da ƙagaggen labarinta Al-Babul Maftuh a 1960. Radwa Ashur ta kammala a 1967, ta yi digirgir a Amurka kan adabin baƙaƙen fatar ƙasar, ta dawo tana koyar da Ingilishi a Jami'ar Ainu Shams, amma labaranta na faɗuwar birnin Garnaɗa da Larabci ta rubuta su.

Wani zai ce ai manyan ba su bi ta karatun adabi ba, kuma da gaskiyarsa. Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, falsafa ya karanta, ya gama a 1934. Yusuf Idris likita ne, Taufiƙ Hakim shari'a ya yi, Abbas Aƙƙad kuwa bai wuce firamare ba. Sai dai wannan ƙorafi ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi. Falsafa ce ta ba Mahfuz tambayoyin da ya ɗora wa mutanen lungunan unguwar Jamaliyya ta Alƙahira, asibiti ya nuna wa Idris talakan da ya cika gajerun labaransa, Aƙƙad kuma ya koya wa kansa Ingilishi don ya karanta abin da makaranta ba ta ba shi ba. Kowannensu ya nemo taga ta biyu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma Bahaushe ya san shi: wanda ya zurfafa a Turanci, Turanci zai cinye alƙalaminsa. Ana iya kawo Ahdaf Suwaif, wadda ta fito daga sashen Ingilishi na Jami'ar Alƙahira ta kuma yi suna da rubutu cikin Ingilishi, har littafinta ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Booker a 1999. Amma irinta ba su da yawa, domin a Alƙahira Larabci yana da jaridu irin Al-Ahram da maɗaba'o'i da masu saye. A Kano ko Zariya, inda Ingilishi ne harshen ofis da jarrabawa, ɗalibin sashen Ingilishi ba shi da wannan garkuwa kyauta, sai ya duba ko jami'ar da zai shiga tana da sashen Hausa mai rai kusa da ajinsa.